Baba, Wane Irin Inji Ne a Jirginka?

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule Baduku,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji, ina fatan makwancinka ya yalwata. Inna tana lafiya, Kawu Mamman yana lafiya, ni ma lafiyata lau, sai dai mamakinka da ya ƙi sakina.

Ka san ni ba ni da baki. Lokacin da kake raye, in ina son wani abu a wurinka Inna nake aikawa. Yau babu wanda zan aika, shi ya sa na zauna na rubuta. Zan sa wasiƙar a zauren da muke karanta littattafan soyayya a waya, inda na koyi rubuta Hausa, don ban san wani akwatin wasiƙa da ke kaiwa inda kake ba.

Baba, jirgin ruwa? Kai?

Kai da aka haifa a Damagaram, inda ka ce ruwa mafi girma da ka gani kana yaro shi ne tafkin bayan gari. Kai da ka hana ni zuwa bakin teku tare da 'yan ajinmu, ka ce ruwa ba shi da reshen kamawa. Shekara goma sha tara kana zaune a teburinka a unguwar Harlem ta birnin New York kana ɗinka bel da jaka da gidan waya, kowa ya san ka da basilla a hannu. Ranar da ka faɗi a gaban teburin nan a watan Afrilu, asibiti suka ba Inna wata leda. A ciki akwai agogonka, da makullai, da wata laya mai faɗi da ka ɗinke da jar fata. Makulli ɗaya bai buɗe komai a gidanmu ba. Muka rataye shi a ƙusa muka manta.

Bayan Inna ta fita takaba, a tsakiyar Satumba, sai ga takarda da sunanka daga wani wurin ajiye jirage a City Island. Ni na karanta mata. Na karanta sau uku, don na ɗauka Turancina ne ya gudu. An sayar da filin, za a gina gidaje. Duk mai jirgi ya zo ya ɗauke abinsa kafin ƙarshen Oktoba, wanda aka bari kuma za a yanka shi da zarto a zubar. Inna ta ce kuskure ne, Sule nawa ne a New York. Kawu Mamman ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Sule ko a bahon wanka sai ya riƙe bango."

Ran Lahadi muka tafi don mu gaya musu sun yi kuskure. Muka shiga jirgin ƙasa har ƙarshen layi, muka hau bas ta haye gada da mu. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a garin nan ba, ƙananan gidaje da warin kifi da tsuntsaye masu ihu. Wani tsohon Bature mai kula da wurin, Mista Frank, da ya ga Inna ya ji sunanka sai ya cire hularsa. Ya ce tun bazara yake jiranka, bai san ka rasu ba. Ya ce duk Lahadi kana zuwa da burodi da shayi a fulas. Lahadin nan da kake ce mana za ka je sayen fata a Brooklyn, Baba!

Ya kai mu wajen wani farin jirgi da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe a tudu, mai dogon sanda a tsakiya, irin wanda iska ke turawa. Ya ce bayan guguwar nan da ta cika hanyar jirgin ƙasa da ruwa, mai shi ya gaji ya ce duk wanda yake so ya ɗauka. Kai kuma ka zo kai wa wani jakar da ka gyara masa, ka tsaya kana kallo har aka tambaye ka ko kana so. Har lokacin Inna cewa take ba kai ba ne. Sai na hau tsani, na sa makullin nan na kan ƙusa, wanda na jefa a jaka kafin mu fito, a kwaɗon ƙofar, ya buɗe.

Na daɗe a tsaye ban shiga ba.

A ciki na ga butarka ta alwala da muka yi ta nema. Na ga dardumarka a naɗe. A kan kamfas mai nuna gabas da yamma da ke gaban sitiyari ka manna ɗan farin tef, Kawu ya duba wayarsa ya ce alƙibla ce daidai. Sannan ga babban ƙyallen da iska ke turawa, a yage daga sama har ƙasa, ka ɗinke rabinsa. Ɗinkinka ne, irin mai tafiya biyu-biyu da kake yi wa bakin jaka, zaren ma yana nan a rataye inda ka tsaya. Inna ta shafa ɗinkin da yatsa, ta zauna a kan benci, ba ta ƙara cewa kuskure ne ba.

Ni a take na san ba zan bari a sa masa zarto ba. Ban san me zan yi da jirgi ba, shekarata goma sha shida, ko keke ban iya sosai ba. Amma wuri ne da ka zauna kai kaɗai kana jin daɗi, kuma ban taɓa sanin kana da irin wannan wurin ba.

Mista Frank ya ce wani abokinsa a tsallaken ruwan ya yarda ya ba jirgin wurin zama. Amma sai ya je da ƙafarsa, kuma tunda ƙyallen a yage yake, sai dai da inji. Ya ɗaga matakalar da ke cikin jirgin, sai ga injin a ƙarƙashi, a tsugune cikin duhu. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, abu ɗaya ya rasa: famfon da ke jawo ruwan teku ya sanyaya shi. Sanyin hunturu ya fasa na da, kun jefar da shi kai da shi. In babu famfo, minti kaɗan injin zai yi ya ƙone. Sai a sayo sabo, in ji shi, abu mai sauƙi, a gaya wa masu shago samfurin injin kawai.

Sai ya haska tocila a gefen injin, ya nuna mana wani ɗan fili mai kusurwa huɗu da ƙananan ramuka huɗu. A nan ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da suna da lambar injin yake zama. Babu shi. Ya ce ya tuna ƙusa ɗaya ce ta rage tana riƙe da shi, gishiri ya fara cinsa, shi da kansa ya ce maka ka cire ka adana shi da kyau. Inda ka kai shi ne bai sani ba.

Baba, mun nema. Mun zazzage kowace durowa a jirgin. A gida mun buɗe akwatin kayan aikinka, da aljihun kowace riga, har cikin Alƙur'aninka na duba. Babu.

Daga nan na zama wata iri. Ni da ba na iya tambayar malami izinin fita, sai ga ni duk Asabar da Lahadi a City Island, kaina a cikin ramin inji, hijabina yana warin man dizal, abin da kake kira gazuwal. Littafin da nake karantawa na bar shi a daidai inda jarumin ya tsaya a ƙofar gidansu yarinyar cikin ruwan sama. Mako biyar yana tsaye a wurin, ban koma na ga ko an buɗe masa ba.

Mista Frank ya ce a fara da launi, don kowane kamfani da kalar da yake shafa wa injinsa, wani toka-toka, wani kore, wani ja. To kai ka shafe naka da shuɗi. Na gane fentin, shi ne ragowar wanda ka shafa wa teburinka na kasuwa. Har kan ƙusoshi ka bi, har wayoyi. Mista Frank ya ce ranar da ya gani sai da ya zauna, kai kuwa ka ce masa ai yanzu ya yi kyau. Na kankare wani lungu da makulli a hankali, ƙarƙashin shuɗin na sami toka-toka. Wannan ya nuna mana kamfanin, wani na ƙasar Japan. Na yi murna, na ɗauka an gama. Ashe kamfanin nan ya yi injuna iri-iri masu wannan kalar.

Sai ƙidayar silinda. Kawu Mamman ya ture ni gefe, ya ce shekara ashirin yana tuƙa tasi, inji ko a mafarki ya gan shi zai faɗi sunan ubansa. Ya leƙa, ya ƙirga duk wani bututu da idonsa ya gani, ya miƙe ya ce shida ne. Mista Frank ya kama yatsana ya ɗora a kan wasu siraran bututun ƙarfe da ke hawa saman injin, waɗanda ke kai mai. Ɗaya, biyu. Silinda biyu. Kawu ya ce, "To ai na ruwa daban yake da na tudu, Malama mai littafi."

Muka duba ko akwai ɗan tanki mai murfi irin na lagireton mota a samansa. Akwai. Wannan ma ya rage mana wasu. Sannan aka ce akwai lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen injin kansa, can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa sosai. Hannuna ne kaɗai ya shiga. Na goge wurin da buroshi, na ɗora takarda na murza fensir a kai yadda muke yi wa kwabo muna yara. Lamba uku suka fito. Sauran tsatsa ta cinye.

Na ɗauki hotuna ta kowane gefe na kai shagon kayan jirage. Sai da na zagaya shagon sau biyu kafin na iya buɗe baki. Matar da ke wurin ta duba ta duba, ta ce saura biyu. Injuna biyu ne kamar tagwaye, ɗaya a Japan aka harhaɗa shi, ɗaya a Turai, ido ba ya raba su, amma famfonsu ba ɗaya ba ne, na wannan ba ya zama a jikin wancan. Cikakkiyar lambar ce kawai za ta faɗa. Kuma ba ta da ko ɗaya a shago, sai an aiko daga nesa, kwana goma a hanya. A ranar saura kwana goma sha huɗu a rufe filin. In muka zaɓi wanda ba shi ba, babu lokacin sake wani.

Kawu ya ce a rubuta a takarda biyu a ba yaron maƙwabta ya ɗauki ɗaya. Inna ta ce a bar wa Allah, in jirgin rabonmu ne zai tsaya. Ni na kasa cin abinci.

Kafin in baro jirgin ran nan, na rasa abin yi, sai na ɗora takarda a kan filin da farantin ya bari na zana girmansa, da ramukan nan huɗu. Ban san dalili ba. Na ninke na sa a cikin littafina.

Yanzu bari in gaya maka abin da layarka ta zama a gidanmu bayan tafiyarka, don ban sani ba ko ana ba ku labari.

Inna ta sa mata igiya ta rataya a wuya tun ranar da aka kawo ledar asibiti. Da ita ta yi takaba. Ta ce ba ta taɓa ganinta a jikinka ba, don haka babba ce, irin wadda ba a nunawa. Da ita ta shiga jarrabawar aikin kula da tsofaffi, ta ci. Kawu Mamman ya are ta ranar da zai je kotu kan tikitin da ɗan sanda ya ba shi, ɗan sandan bai zo ba, aka sallame shi. Tun daga nan ba ya kiranta sai "babbar Malam". Har wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta zo ta roƙa a ɗora mata a ciki da haihuwa ta zo mata da gardama.

Ni kuwa tawa fassarar daban ce. Ban gaya wa kowa ba. Na yanke a raina cewa wasiƙa ce a ciki, ta farko da Inna ta aiko maka kana nan tana can, ka ɗinke ta don ta zauna kusa da zuciyarka. In Inna ta cire ta shiga wanka sai in ɗauka in riƙe, in yi ta tsara abin da aka rubuta. Kada ka yi mini dariya. Ban taɓa jin ka gaya wa Inna wata kalma mai taushi ba, sai "an gode" in ta ajiye abinci, don haka na ce lallai wani wuri ka ɓoye sauran.

Ran Litinin bayan la'asar na dawo daga makaranta, Inna tana wanka, layar tana kan gado. Na ɗauka kamar kullum. Sai a ranar yatsana ya lura da abin da ya daɗe yana taɓawa. Ba ta lanƙwasuwa. Takarda kuwa tana lanƙwasuwa. Na danna kusurwa ɗaya na ji ɗan rami a ƙarƙashin fatar. Na danna ta biyu. Ta uku. Ta huɗu.

Na ciro zanen nan daga littafi na ɗora layar a kai. Ta zauna daram, fatar ce kawai ta ɗan fi shi faɗi.

Sai na tuna ko wane ne kai. Kai ne ka ɗinke rimot ɗin talabijin a cikin fata. Ka ɗinke kalkuletata ta makaranta har 'yan aji suna tambaya ko daga gidan tarihi na samo ta. Kullum kana cewa, "Abin da ake so ya daɗe, a sa masa riga." An ce wa baduku ya adana abu da kyau. Me muke tsammani zai yi?

Faɗa wa Inna ya fi mini shiga ramin inji wuya. Da na gama in'ina, ta karɓe layar ta damƙe a hannu. Ta ce, "Nana, ba a buɗe laya. Kuma wannan ne ɗinki na ƙarshe da ya yi." Na ajiye mata zanen a kan gado na fita. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, washegari ma haka. Na ga tana kallon takardar, tana kallon abin wuyanta. Na gane abin da nake roƙonta. In na yi kuskure, na sa ta keta abin da ba a ketawa. In kuma na yi daidai, to wata shida tana kwana tana tashi da lambar inji a ƙirjinta.

Ran Laraba da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya, ta ce kada in je makaranta. Ta ɗauko akwatin aikinka. Ta ce ba za a sa reza ba. Ta yi bisimilla, ta ɗauki basillarka ta riƙa zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsinka zaren ba ko sau ɗaya. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa yana ta karanto duk addu'ar da ya sani.

A ciki akwai ɗan tsumma mai maiƙo. A cikin tsumman, farantin ƙarfe, gefensa ɗaya gishiri ya ci, amma suna da lamba suna nan raɗau. Babu aya. Babu wasiƙa. Na juya fatar ciki da waje, Baba, na duba har cikin tsumman. Ko kalma ɗaya ba ka bari ba.

Kowa ya zuba wa farantin ido. Can Kawu ya ce a hankali, "Wato da wannan na je gaban alƙali?" Sai Inna ta fashe da dariya. Tun rasuwarka ban ji dariyarta ba. Ta yi ta yi har ta kwanta a gefen gado, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, ni ma na taya ta. Nawa kukan har da na wasiƙar da babu.

Lambar ta nuna injin na Turai ne. Da an sa Kawu ya zaɓa, da ni ma an tambaye ni, na Japan za mu ce, tunda can kamfanin yake.

Famfon ya iso ana saura kwana ɗaya. Mista Frank da Kawu suka ɗaura shi, aka sauke jirgin cikin ruwa da babban inji mai ɗagawa. Aka murza makulli. Injinka ya yi tari sau biyu ya kama, da wata ƙara mai kama da ta injin niƙa, har Inna ta ce ya tuna mata da unguwarsu. Mista Frank ya ce in leƙa bayan jirgin in gaya masa abin da na gani. Ruwa ne yake fitowa daga salansa, tsut, tsut, tsut. Na juyo na yi ihu da Hausa, na manta ba ya ji. Ya gane.

Ya kawo sababbin ƙusoshi zai mayar da farantin jikin injin. Inna ta miƙa hannu ta karɓe. Ta ce in gaya masa ya rubuta lambar da alƙalamin maka a jikin katako, wannan kam nata ne. Ta riga ta mayar da shi cikin fatarsa, ta bi ramukan da basillarka ta huda, da zarenka. Yana wuyanta yanzu haka. Ta ce abin da ya taɓa hannunka ya kwana a aljihunka, ita bai canza mata ba.

Kafin mu tashi Mista Frank ya ce doka ce kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ya san ka sayi wasu. Ya ɗaga wani murfi a can ƙuryar gaba, ƙarƙashin katifa, wanda duk nemanmu ba mu san yana buɗuwa ba. Riguna uku ne. Ɗaya ta sha jiki, taka ce, ita Kawu ya sa. Biyu sababbi fil, ka yi rubutu da ajami a ƙirjin kowace. Ta farko ka rubuta Rakiya, sunan Inna. Inna ta karanta ta juya mana baya.

Ta biyun tawa ce.

Baba, ni ce 'yar farinka, na san al'ada. Shekara goma sha shida ban taɓa jin sunana a bakinka ba. "Ke" kake cewa, ko "yarinyar nan", in ranka ya yi daɗi ka ce "mai littafi". Ko a makaranta da aka tambaye ka sunan ɗiyarka, Inna ka kalla ta faɗa. Ban taɓa jin haushi ba, amma na sha tunanin yadda zai fito a muryarka. Sai ga shi a ƙirjin riga, cikakke, da hannunka, ka bi kowane harafi sau biyu don kada ruwa ya wanke.

Mun haye lafiya. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Inna ta riƙe benci da hannu biyu tun daga farko har ƙarshe, Kawu ya yi amai sau biyu ya ce shayin safe ne. Ni Mista Frank ya ba ni sitiyari na ɗan lokaci, na riƙe, farin tef ɗinka yana gabana. Jirginka yana tsallake yanzu, an rufe shi da tamfol saboda hunturu. Ƙyallen kuma yana gida, Inna ta ce za ta nuna mini ɗinkin biyu-biyu mu ƙarasa daga inda ka tsaya.

Har yanzu ban san ranar da ka yi niyyar gaya mana ba. Wataƙila sai ka gama ɗinkin. Wataƙila kunya ce, irin tawa, don yanzu na san inda na gado ta.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya gafarta maka, har da Lahadin nan na sayen fata. Ya sanyaya makwancinka, ya haskaka shi, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ya haɗa mu a inda za ka iya kirana da bakinka, in amsa. Amin.

Taka har kullum, mai littafi,
da sunan da ka rubuta,
Hadizatu